Kawaici a Ƙasar Baƙunci: Nazarin Fim ɗin Brooklyn

Gabatarwa

A shekarar 2015 aka fito da wani fim mai suna Brooklyn, wanda John Crowley, mutumin ƙasar Ailan, ya ba da umarninsa. An ɗauko labarin ne daga wani ƙagaggen littafi mai wannan suna na Colm Tóibín, wanda aka buga a 2009, sa'an nan marubucin nan na Ingila, Nick Hornby, ya tsara shi don wasa. Labari ne na wata budurwa mai suna Eilis Lacey, wadda ta bar garinsu Enniscorthy, a kudu maso gabashin Ailan, ta tafi birnin New York neman abin yi a farkon shekarun 1950. Fim ɗin ya sami karɓuwa ƙwarai. An sa shi cikin masu takarar lambar Oscar ta fannoni uku, watau fim mafi kyau, da tauraruwa mafi iya wasa, da tsarin labarin da aka ɗauko daga littafi, kuma a 2016 ya ci lambar BAFTA ta fim ɗin Birtaniya mafi fice.

Abin da masu kallo suka fi faɗa game da shi shi ne sanyinsa. Babu faɗa a cikinsa, babu zubar da jini, samarin nan biyu da ke neman yarinyar kowannensu mutumin kirki ne, kuma da wuya a ji wani ya ɗaga murya tun daga farko har ƙarshe. Wannan ya sa wasu suka ɗauke shi ɗan labarin soyayya na hutun rai kawai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sanyin nan yana da tushe a cikin al'adar mutanen da ake ba da labarinsu, watau al'adar haɗiye magana, wadda kalmar da ta fi kusa da ita a Hausa ita ce kawaici. Rikicin labarin duk yana cikin abin da mutane suka sani amma suka ƙi furtawa, kuma ba ya warwarewa sai ranar da tauraruwar ta buɗe baki.

Ƙasar da ake bari

Ba za a fahimci tafiyar Eilis ba sai an san cewa barin gida tsohon abu ne a Ailan. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8. Daga 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne cimar talakawa, aka yi yunwa ta shekaru da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan ɗaya kuma suka ƙetare teku. Tun daga nan hanya ta buɗe, ba ta sake rufewa ba. A ƙidayar 1911 mutanen tsibirin ba su kai miliyan huɗu da rabi ba. Samun mulkin kai a 1922 bai tsayar da wannan tsiyaya ba, domin kuwa tsakanin 1951 da 1961 kaɗai, mutum wajen 400,000 suka bar Jamhuriyar Ailan, har yawan jama'arta ya sauka zuwa miliyan 2.8 a 1961.

Dalilan a bayyane suke. Masana'antu kaɗan ne, kuma gona ɗa guda ne ke gadonta don kada a yi ta gutsuttsura ta, saboda haka sauran 'ya'ya sai su nemi inda dare zai yi musu. Aure yakan yi jinkiri, da yawa ma ba sa yi sam. Mace mai aikin gwamnati kuwa dole ta ajiye aikin ranar da ta yi aure, dokar da ba a soke ba sai 1973. Wani abin da ya bambanta ƙaurar mutanen Ailan da ta sauran Turawa shi ne yawan 'yan mata marasa aure da ke tafiya su kaɗai, ba a bayan miji ko uba ba. Tun ƙarni na 19 suke cika gidajen masu hali na Amurka suna aikatau, suna aiko da kuɗi gida, sau da yawa ma kuɗin jirgin ƙane ko ƙanwa. A zamanin da labarin ya faru, mafi yawan masu fita Ingila suke nufa, domin ta fi kusa kuma ba a bukatar takardar izini. Ai a cikin littafin 'yan'uwan Eilis maza uku suna aiki a Birmingham, sai dai fim ɗin ya shafe su gaba ɗaya, ya bar gidan daga uwa sai 'ya'ya mata biyu, kuma wannan ya ƙara wa kowace rabuwa nauyi. Wani reshe na wannan fita ya iso har Arewacin Nijeriya, domin limaman Katolika da mata masu zaman zuhudu daga Ailan suna cikin waɗanda suka kafa makarantu a Kano da Kaduna da Jos da Yola a tsakiyar ƙarni na 20.

A nan ya kamata a lura da kalma. Tafiyar Eilis ba ci-rani ba ce, domin ɗan ci-rani yana tafiya ne da lissafin damina a ransa, ya san ranar komowarsa. Tafiya Amurka a wancan lokaci, a jirgin ruwa, kwana da kwanaki, da kuɗin da talaka zai daɗe yana tarawa, kusan sallama ce ta har abada. Shi ya sa a karkarar Ailan aka daɗe ana yi wa mai tafiya Amurka zaman dare irin wanda ake yi wa mamaci: 'yan'uwa da maƙwabta su taru, a ci a sha, a yi waƙa, a yi kuka, gari ya waye a raka shi. Fim ɗin bai nuna wannan zama ba, amma ya ajiye ma'anarsa a bakin tashar jirgin ruwa, inda uwar Eilis ta juya ta tafi tun jirgin bai ɗaga ba, ta bar babbar 'yarta Rose ita kaɗai tana ɗaga hannu.

Abin da ba a faɗa ba

Tun kafin wannan rana an riga an nuna yadda gidan yake magana. Ba Eilis ce ta nemi tafiya ba. Yayarta Rose, wadda ke aikin lissafin kuɗi a wani ofis a garin, ita ce ta rubuta wa wani limamin Katolika ɗan ƙasarsu da ke Brooklyn, Fada Flood, ya samo wa ƙanwarta aiki da masauki da takardu. Kowa a gidan ya san ma'anar wannan shiri. Idan Eilis ta tafi, Rose ce za ta zauna da uwa har ƙarshen ranta, ke nan ta sayar da nata rabon don ƙanwarta ta samu. Amma ba wanda ya faɗi haka. Sai a ga suna hirar tufafin da za a sa cikin akwati, da sanyin Amurka, da wasiƙun da za a riƙa rubutawa. Daga baya ma za a gane cewa Rose tana da ciwon zuciya, ta sani, ta ɓoye wa kowa.

Kawaici a wurin Bahaushe shi ne mutum ya ga abu, ko ya ji zafinsa, ya kau da kai don kada ya ɗora wa wani nauyi ko ya kunyata shi. Hali ne da ake yabo, kuma fim ɗin ma ya yabe shi, domin sadaukarwar Rose ba za ta yi kyau haka ba da ta tsaya tana ƙirga ta. Sai dai kuma ya nuna ɗaya fuskar. Yarinyar da aka rena a gidan da ba a faɗin abin da ke zuci ta tashi ba ta san yadda ake cewa ana so ko ba a so ba. Eilis ta yi ta bin abin da aka shirya mata: yayarta ta shirya tafiyar, limami ya shirya aikin da makarantar, uwar masauki ta zaɓa mata ɗaki. Ba ta ƙi ko ɗaya ba, ba ta kuma nemi ko ɗaya ba.

Wannan shi ne babban ƙalubalen da ya fuskanci masu fim ɗin, domin littafi yana iya shiga zuciyar mai shiru ya faɗi abin da take saƙawa, kyamara kuwa fuska kaɗai take gani. Dabarar da suka yi ita ce su daɗe a kan fuskar Saoirse Ronan, wadda ta fito a matsayin Eilis, su bar mai kallo ya karanta. Zaɓen wannan 'yar wasa ya dace ta wata hanya: an haife ta a New York a 1994, iyayenta baƙi ne daga Ailan, aka komar da ita gida tana ƙarama ta tashi a can. Sunanta ma, wanda ake furtawa kamar Sarsha, kalma ce ta harshen Ailan mai nufin 'yanci.

Akwai mutum ɗaya a garin wadda ba ta da kawaici, ita ce Miss Kelly, mai kantin kayan masarufi inda Eilis ke ɗan aikin ranar Lahadi. Tana sallamar masu sayayya ne bisa ga matsayinsu, matar mai kuɗi ta tsallake layi, talaka ta sha baƙar magana. Ita ce kaɗai ta gaya wa Eilis a fili cewa tafiyarta ta ɗaure Rose. Gaskiya ta faɗa, amma don ta ji ciwo ta faɗe ta. A irin wannan gari, inda masu kirki duk suka yi shiru, gaskiya takan zama makami a hannun mai mugun baki, kuma labarin zai komo ga wannan mata a ƙarshe.

Koyon zaman baƙunci

Kashi na biyu na fim ɗin kusan duk darasi ne a kan yadda baƙo ke koyon wata al'ada, kuma abin lura shi ne mata ne ke koyar da 'yar'uwarsu. A jirgi, bayan Eilis ta sha wahalar amai da gudawa a daren farko, wata mata da suke ɗaki ɗaya, wadda ta riga ta saba da hanyar, ta koya mata abin da za ta ci da wanda za ta bari, ta yi mata kwalliya daidai gwargwado, ta gargaɗe ta da ta miƙe tsaye, kada ta yi tari a gaban ma'aikatan shige da fice, domin mai alamar tarin fuka ana iya komar da shi. A masaukin Mrs Kehoe, inda 'yan mata ke haya suna cin abincin dare tare, ana koyon yadda ake zuwa rawa da yadda ake amsa wa saurayi. A babban kantin Bartocci's, inda take sayar da kaya, shugabarta ta nuna mata cewa a Amurka dole mai kanti ta yi wa baƙo fara'a ta ja shi da hira kamar ta san shi. Wannan kuwa shi ne ya fi yi mata wuya, domin ta fito daga inda yawan magana da wanda ba a sani ba rashin kamun kai ne.

Teburin Mrs Kehoe, wadda Julie Walters ta fito a matsayinta, shi ne inda yawancin ban dariyar fim ɗin yake. Tsohuwar tana hana a ambaci sunan Ubangiji cikin hirar safa da man shafawa, 'yan matan suna ƙunshe dariya. Amma gidan ƙaramar Ailan ce da aka dasa a Brooklyn, da sa-idonta da tsegunta, kamar yadda cocin Fada Flood da zauren rawarsa suke. Baƙon da ya sauka a nan bai rabu da gida duka ba, bai kuma shiga Amurka duka ba.

Kewar gida kuwa ta wasiƙa take zuwa. Eilis takan karɓi wasiƙar Rose, ta shiga ɗaki ta karanta ta yi ta kuka, har aikinta ya soma lalacewa. Wasiƙun nan su ma kawaici ne a rubuce, domin mai rubutawa tana zaɓen abin da zai kwantar da hankali ta bar sauran. Fada Flood ya ɗauki kewa a matsayin ciwo mai wucewa, maganin da ya ba ta kuma shi ne ya sa ta a ajin dare na koyon lissafin kuɗi a Kwalejin Brooklyn. Ba ƙaramin abu ba ne wannan a labarin da ake kira na soyayya. Kafin ta sami saurayi ta sami sana'a, kuma takardar shaidar da ta ci ita ce za ta sa garinsu ya dube ta da wani ido idan ta koma.

Waƙar tufkar igiya

Wurin da ya fi kowane nauyi a wannan kashi shi ne walimar Kirsimeti da coci ke yi wa tsofaffin 'yan Ailan marasa galihu. Eilis ta je taya rabon abinci, sai ga zaure cike da tsofaffi cikin tsummokaran kwat. Fada Flood ya gaya mata cewa waɗannan su ne suka haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, suka gina gadoji da manyan tituna, yanzu kuwa ba su da kowa a nan, ba su da wanda za su koma wurinsa a can. Bayan an ci abinci, ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya rera waƙa da harshen Ailan, shi kaɗai, ba kiɗa. Mawaƙin gargajiya Iarla Ó Lionáird ne ya fito a wannan matsayi, waƙar kuma ita ce Casadh an tSúgáin, watau tufkar igiyar ciyawa.

A nan ne aka ba harshen Ailan fili sosai a fim ɗin, kuma ba a fassara waƙar ba. Akwai dalili na tarihi da ya sa wannan ya yi daidai. Yunwar shekarun 1840 ta fi yin ɓarna a yammacin tsibirin, inda talakawa masu magana da harshen suka fi yawa, kuma iyayen da suka san 'ya'yansu Amurka ko Ingila za su ƙare sai suka riƙa tura su ga Ingilishi. Ƙaura da mutuwar harshe tare suka yi tafiya. Bayan 1922 gwamnati ta wajabta koyar da shi a makarantu, tsarin mulki na 1937 kuma ya sa shi harshen hukuma na farko, amma a yanki irin na su Eilis an daɗe da komawa Ingilishi a gida da kasuwa. Saboda haka yarinya irinta a aji ta san harshen, kuma a zauren nan tana jin sa ne daga bakin wanda ya sha shi a nono, a wata ƙasa, a gaban mutanen da ba za su sake ganin gida ba.

Labarin da ke bayan waƙar ma ya cancanci a faɗe shi. Wani mutum ne ya shiga wani gida yana neman 'yar gidan, uwar yarinyar ba ta son sa, amma ba ta kore shi da baki ba. Sai ta roƙe shi ya taya ta tufka igiya. Tana miƙa ciyawa yana murɗawa, igiya tana tsawo yana ja da baya, har ya fita ƙofa bai ankara ba, ta rufe ƙofar. Douglas Hyde, wanda ya zama shugaban ƙasar Ailan na farko a 1938, ya gina wani ɗan wasan kwaikwayo a kan wannan labari, aka nuna shi a Dublin a 1901. Duk wanda ya san wannan zai ga dacewar waƙar da zauren. Ga mutane da aikin hannunsu ya yi ta nisanta su da gida taki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce musu su tafi, ba wanda ya ce kada su komo, sai dai suka waiwaya suka ga ƙofa a rufe. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma abin da Eilis ta gani ke nan a fuskokinsu tun ba ta cika shekara a ƙasar ba.

Tony da Jim

A wurin rawar coci ta haɗu da Tony Fiorello, mai gyaran famfo, ɗan wasu baƙi daga Italiya. Abin da ya bambanta shi da duk wanda ta sani shi ne yana faɗin abin da ke ransa. Gidansu ma haka yake, ana cin abinci ana hayaniya, har ƙaramin ƙanensa ya gaya mata a kan tebur cewa su ba sa son 'yan Ailan, saboda 'yan sandan unguwa, waɗanda yawancinsu 'yan Ailan ne. Ranar da Tony ya ce yana son ta, ta kasa amsawa, sai bayan kwanaki ta zo da amsar a shirye kamar mai biya karatu. Ya kai ta bakin teku a Coney Island, ya cika mata kunne da labarin ƙungiyar ƙwallon Dodgers, daga baya ya nuna mata wani fili a Long Island inda shi da 'yan'uwansa ke shirin gina gidaje. Masu kallo na yau sun san abin da shi bai sani ba, cewa Dodgers za su bar Brooklyn su koma Los Angeles bayan kakar 1957, kuma irin wannan fita zuwa bayan gari ita ce za ta watsa tsofaffin unguwannin baƙi.

Ana cikin haka Rose ta rasu farat ɗaya. Aka binne ta ba Eilis, sai ta waya ta yi magana da uwarta. Da ta yanke shawarar zuwa gida na ɗan lokaci, Tony ya ji tsoron ba za ta komo ba, ya roƙe ta su ɗaura aure kafin ta tafi. Suka ɗaura a ofishin hukuma, a ɓoye. Ta sauka Enniscorthy ta cire zobe, ba ta gaya wa kowa ba, har uwarta.

Daga nan labarin ya juya, kuma nan ne gwanintarsa take. Garin da bai da abin ba ta a da, yanzu ya shimfiɗa mata kome. Ta komo da tufafi masu haske da tabarau da tafiyar 'yan birni, an ba ta aikin Rose na wucin gadi, ƙawarta Nancy na shirin aure, aka kuma haɗa ta da Jim Farrell, saurayi mai natsuwa wanda zai gaji gida da sana'ar iyayensa. Ba wanda ya ce mata ta zauna. Uwarta dai takan yaba Jim a fakaice, mai ofis yakan ce aikin na nan, maƙwabta suna murmushi. Igiyar nan ce ake tufkawa, sai dai wannan karon ciki ake jan ta. Eilis kuwa ta koma halinta na da, ta bi abin da aka shirya. Wasiƙun Tony suna zuwa tana jefa su cikin aljihun tebur ba ta buɗewa.

Dole a tuna cewa abin da take wasa da shi ba ƙarami ba ne. Tsarin mulkin 1937 ya haramta saki a Ailan, ba a kuwa ɗage haramcin ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1995. Matar aure da ta bari wani ya neme ta a ƙaramin garin Katolika na 1952 tana jawo wa kanta da uwarta abin kunyar da ba ya wankuwa, tana kuma cutar mutum biyu da ba su yi mata laifin kome ba. A nan kawaici ya tashi daga ladabi ya zama yaudara, ko da yake ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya da bakinta ba. Fim ɗin bai wanke ta ba, bai kuma la'ance ta ba. Ya nuna dai cewa zaman da Jim ke miƙa mata zama ne na gaske wanda da ya zo shekara biyu kafin nan da ba ta taɓa shiga jirgi ba.

Faɗin suna

Miss Kelly ce ta kawo ƙarshen abin. Ta aika aka kira Eilis, ta sanar da ita cikin zagaye-zagaye cewa labari ya iso mata daga Brooklyn ta bakin dangin wata mai sayayya, cewa an ga wata yarinya 'yar garin a ofishin ɗaurin aure da wani mai sunan Italiyawa. A cikin littafin hanyar labarin ta fi haka gajarta, domin Miss Kelly da Mrs Kehoe 'yan'uwa ne. Ko ta wace hanya, ma'anar ɗaya ce: tekun da ya hana Eilis zuwa jana'izar yayarta bai hana tsegumi ƙetarowa ba.

Eilis ta fim ta miƙe ta ce ta manta yadda garin nan yake, ta tambayi matar abin da take nufin cim ma, sa'an nan ta faɗi sunanta na aure cikakke, Eilis Fiorello. Wannan shi ne karo na farko da ta faɗi wata magana mai nauyi ba tare da an shirya mata ita ba. Daren nan ta gaya wa uwarta. Uwar ta tambaya ko mutumin kirki ne, ta rungume ta, ta ce za ta yi sallama yanzu sau ɗaya, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, kamar yadda ta juya a bakin jirgi tun farko. Jim kuwa wasiƙa aka bar masa, watau shi bai sami ko wannan ba.

A nan fim da littafi suka rabu, kuma rabuwar tana da muhimmanci ga mai nazari. Tóibín ya tsaya ne da Eilis a cikin jirgin ƙasa tana barin garin, kuma mai karatu ba shi da tabbacin ko so ne ya komar da ita Amurka ko tsoron tonon asiri. Hornby da Crowley sun ƙara mata abin da littafin ya hana ta. Sun sa ta a jirgin ruwa tana koya wa wata sabuwar yarinya abin da aka koya mata, sun kuma kai ta har bakin titi a Brooklyn tana jiran Tony cikin hasken rana. Akwai masu ganin wannan sassauci ne don a faranta wa 'yan kallo, kuma suna da hujja, domin tambayar tana nan: da Miss Kelly ba ta yi magana ba, yaushe Eilis za ta yi? Fim ɗin ya amsa da fuskar 'yar wasa, wadda ke nuna kamar an tashe ta daga barci, amma tsarin labarin bai goyi bayan amsar duka ba, tun da tilas ce ta fara zuwa kafin zaɓi.

Shi marubucin bai bar maganar a nan ba. A 2024 ya fitar da ci-gaban labarin mai suna Long Island, wanda ya faru a 1976. Eilis tana zaune a gidajen nan da Tony ya yi mata alkawari, kewaye da danginsa, da 'ya'ya biyu, sai wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa ya gaya mata cewa matarsa na da cikin Tony. Ta koma Enniscorthy da hujjar bikin cikar uwarta shekara 80, ta tarar Jim bai yi aure ba, yana neman Nancy, wadda mijinta ya rasu, su ma a ɓoye.